Intalok ɗin gidanmu ya lotsa, wanda ya yi aikin kuma wan matata ne

Assalamu alaikum Kawu. Daga kudancin Jidda nake rubuto maka. Gidan da mahaifinmu ya bar mana yana da fili tsakanin ƙofar waje da ƙofar falo, wajen murabba'in mita 70. Nan nake ajiye mota, ta nan kuma muke turo keken Hajiya mahaifiyata in za a kai ta wankin ƙoda, sau 3 a mako. Tsohon simintin ya farfashe, sai na ce a sa intalok, bulon nan da ake jerawa a ƙasa suna kama juna. Wan matata mu'allim ne, wato shugaban magina, yana da yara 3 da ke bin sa aiki, amma ba shi da mu'assasa, wato kamfani mai rajista, iƙamarsa ma, takardar izinin zamansa a ƙasar, ba ta wannan sana'a ba ce. Muka yi ciniki da baki a kan riyal 6,500, na ba shi 5,000. Cikin kwana 3 suka gama. Yau wata 5 ke nan, inda tayar mota ke bi ya lotsa, bulon gefe sun baje, in an wanke fili ruwan ƙofar falo yake nufa. Makon jiya keken Hajiya ya kafe a rami, saura kaɗan ta kifa. Na yi masa magana sau biyu, ya ce ƙasar ce ba ta da kyau, kuma wayit ne, wato motar tankar ruwa, ya taka wurin. Yanzu ya aiko ta bakin matata in ba shi cikon 1,500. Ƙannena sun ce in kai shi ƙara. Matata ko abinci ba ta iya ci sosai. Kawu, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara, kai kuma ya ba ka ladan ɗawainiya.

Kafin komai, daga yau ka daina shigar da mota cikin filin. Ka samo faffaɗan katako mai kauri, irin wanda kafintocin gini ke tare kankare da shi, ka shimfiɗa daga ƙofar falo zuwa ƙofar waje, keken Hajiya ya riƙa bi ta kai. Mai wankin ƙoda ƙashinta ba shi da ƙwari kamar na mai lafiya, faɗuwa ɗaya tana iya kwantar da ita watanni. Maganar kuɗi ko an yi mako ba a taɓa ta ba babu abin da zai lalace, wannan kuwa ba a kwana da ita.

A duk wasiƙarka, wurin da na tsaya na sake karantawa shi ne inda ka ce sun gama cikin kwana 3. Na yi fiye da shekara 20 ina duba aikin gini tsakanin Jidda da Makka, na san abin da mutum huɗu ke iya yi a rana. A fasa tsohon siminti, a kwashe ɓaraguzai, a haƙa ƙasa, a zuba ciko, a danne shi, a kafa bardura, wato dakalin gefe, a jira simintinta ya kama, a baza yashi, a jera bulo, a sake bi da inji. Mita 70 a kwana 3? Sai dai in an tsallake wani abu. Ka tuna da kyau: a cikin kwanakin nan, ka ji ƙarar rassasa? Injin nan ne mai faffaɗan ƙarfe a ƙasa da ake turawa yana girgiza wuri. Ba a ɓoye ta. In tana aiki a tsakar gida kofunan shayi ma rawa suke yi a kicin, maƙwabta kuma sai sun leƙo. In babu wanda ya ji ta a gidanku, to ba ta zo ba.

Mutane da yawa suna ɗauka bulon da suke gani shi ne aikin. Bulo riga ce kawai, abin da ke ɗauke da nauyin mota yana ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Kakanninmu mata a ƙasar Hausa sun san wannan tun kafin a san siminti. In za su yi daɓen ɗaki, tsakuwa suke zubawa, su yayyafa ruwa, su durƙusa da madaɓi suna duka suna waƙa har ƙasa ta haɗe ta zama kamar dutse, sannan a bi da makuba. Dukan nan shi ne daɓe. Yau inji ne ke yin dukan, amma in ba a yi shi ba, babu abin da zai maye gurbinsa.

Ga yadda ya kamata filin da mota ke takawa ya kasance. A haƙa a cire ƙasa mai laushi da duk wani shara, a danne gindin. A zuba cakuɗen tsakuwa da garin dutse, wanda masu aiki a nan ke kira biskors, kaurin santimita 15 zuwa 20. Ba a zuba shi gaba ɗaya: rabi ake zubawa, a jiƙa, a bi da rassasa, sannan a ƙara rabi a sake bi, domin ƙaramin inji ba ya iya danne ciko mai zurfi a tashi ɗaya. A kewaye gefen da bardura a kafa ta cikin siminti, ita ce ke hana bulo guduwa. Sai yashi mai tsabta wanda bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba. Sai bulo mai kaurin santimita 8, domin mai santimita 6 ya fi dacewa da inda ƙafa ke bi. A ƙarshe a share busasshen yashi ya cika tsakanin bulo da bulo, a sake bi da inji. Alamomin da ka lissafa kowacce tana nuna inda aka yi rowa. Lotsawa a layi biyu daidai sawun taya, cikon ƙasa ne babu ko ba a danne shi ba. Bajewar gefe, bardura ce babu ko an ɗora ta kan yashi. Ruwa da ke komawa falo, ba a fitar da gangara ba.

Amma kada mu yanke wa surukinka hukunci yana bayan ido. Uzurinsa biyu kowanne da ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙasar Jidda, musamman inda ya kusanci teku, tana da gishiri, ruwan ƙasa kuma a unguwanni da yawa yana kusa. Sai dai wannan ba sabon labari ba ne ga mai sana'a. Dalilin da ya sa ake kiran mu'allim ke nan, ya duba ƙasa ya ce wannan sai an haƙa an canza ta, kuɗin zai ƙaru kaza. In ya gani ya yi shiru don kada ka ce ya tsawwala, kunya ce ta cuce ku ku biyun. Maganar wayit kuwa, a nan kai ma kana da naka kason. Lita 10,000 na ruwa tan 10 ne, ban da nauyin motar kanta. Filin da aka yi don ƙaramar mota ba zai ɗauki wannan ba ko da an yi shi da kyau. In har ka bar direba ya shigo da baya har bakin khazzan, wato tankin ruwan gida, ka amsa laifinka a gaban surukinka, hakan zai sauƙaƙa masa amsa nasa. Daga yanzu wayit ya tsaya a waje, a ja tiyo.

Akwai abu na uku da babu wanda ya ambata a cikinku, kuma shi nake so ka fara bincikawa. Khazzan ɗin ƙasa, ko bututun da ke kai masa ruwa, ko bayyara, ramin da ruwan ƙazanta ke taruwa, in ɗayansu yana yoyo, ruwan yana wanke yashin ƙarƙashin bulo a hankali, ko wa ya yi aikin sai ya lotsa. Gwajin ba ya cin ko riyal ɗaya. Bayan isha ka kashe injin da ke tura ruwa sama, ka rufe hanyar da ruwa ke shigowa, ka zura sanda cikin khazzan ka yi alama a inda ruwan ya tsaya. Da asuba ka sake aunawa. In ya ragu, ka san ruwa ba ya tsami banza. Ka duba kuma inda ruwan kandishan, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga dare da rana, da ko akwai itacen bazromiya a jikin katanga, domin saiwarsa bin bututu take yi. In yoyo ne, shi za a fara gyarawa, kuma ba za ka ɗora wa mutum abin da ba shi ya jawo ba.

Bayan wannan sai a buɗe ƙasa. Ka zaɓi inda ya fi lotsawa, a ɗaga bulo kamar 10, a haƙa da hannu zurfin santimita 40, ka sa awo a jikin ramin ka ɗauki hoto. Ka yi haka surukinka yana tsaye, kada ka yi a bayansa. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan rami a wani gida a Makka, mai gida da mai aiki sun yi wata biyu suna musu har sun daina gaisawa a masallaci. Da aka ɗaga bulo, yashi ne zalla kusan taƙi guda, a ƙarƙashinsa fasassun bulon gini, da takardun buhun siminti, da wata tsohuwar silifa. Babu wanda ya ce uffan. Mai aikin ya tsuguna, ya ɗebi yashin a tafin hannu, ya bar shi yana zubewa ta tsakanin yatsunsa, sannan ya ce yaransa ya bar wa wurin ya tafi wani aiki. Cikin minti 10 musun ya ƙare, domin babu sauran abin da za a yi musu a kai.

Gangarar ruwa kuwa kada ka raina ta don kana ganin sama ba ta cika zubarwa a garin nan ba. Duk wanda ya zauna Jidda ya san ruwanta ba ya yawan zuwa, amma in ya zo ba ya sallama. Ranar 25 ga Nuwamba 2009, alhazai suna shirin fita Mina, ambaliya ta ci mutum fiye da 100, unguwar Guwaiza ta fi kowa ji a jiki. A Janairun 2011 aka sake. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin garin cikin awa 6. Yi lissafi da filinka: mita 70 a irin wannan rana zai tara lita 12,500 da ɗoriya, kuma yadda yake yanzu duk falon Hajiya zai nufa. Ƙa'ida ita ce kowace mita ɗaya ta sauka da kamar santimita 2 daga jikin gini zuwa waje. In daga ƙofar falo zuwa ƙofar waje mita 8 ne, bambancin ya kai santimita 16. Da zare da ma'aunin ruwa ake fitar da wannan tun kafin a zuba yashi, ba a gyara shi daga sama. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai ɗaga inda ya lotsa ya cusa yashi ya mayar, faci ne zai yi maka, kafin shekara ta zagayo ka dawo inda kake.

To, mu zo kan ƙara. Ƙannenka ba su yi ƙarya ba, hanya tana nan. Dokar mu'amaloli ta ƙasar nan, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta ba wanda ya ba da aiki damar ya gargaɗi ɗan kwangila ya gyara cikin lokaci mai ma'ana, in bai gyara ba a ba wani ya yi a kan kuɗin na farkon, ko a warware cinikin. Dokar hujjoji ta 2022 kuma ta karɓi saƙon waya da shaidar tura kuɗi ta banki a matsayin hujja, don haka cinikin baki ba ya nufin ba ka da komai a hannu. Ana shigar da ƙara ta dandalin intanet na Najiz, akwai kuma dandalin Taradi na sulhu. Amma ni ba zan ce ka bi wannan hanya ba, kuma ga dalilina. Kai da bakinka ka ce iƙamarsa ba ta wannan aiki ba ce. Dokar ƙwadago ta hana baƙo yin aikin gashin kansa, ta kuma hana mutum ya sa ma'aikacin da ba nasa ba aiki. Ranar da maganar nan ta shiga takardar hukuma, shi yana iya fuskantar tara da tarhil, wato kora daga ƙasar, kai ma ba lallai ka fita salin alin ba. A kan riyal dubu kaɗan a ɗauke kawun 'ya'yanka daga ƙasar, matarka ta rayu da sanin cewa mijinta ne sila? Wannan ciniki ne da ko ka ci riba ka faɗi.

Haka kuma ba zan ce ka biya cikon ba, ba zan ce ka sake ba shi aikin ba. Cikon kuɗi na aikin da ya kammala ne, wannan bai kammala ba. Sake ba shi kuwa, matsalar takardunsa tana nan inda take, kuma in ya sake lotsawa karo na biyu ba na jin zumuncinku zai tashi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba bulo ba ne, matarka ce. Kun mai da ita 'yar aike tsakanin mijinta da wanta, kowane saƙo ta ɗauko sai ya ƙona ta kafin ya isa. In ta goyi bayanka ta ci amanar gidansu, in ta goyi bayansa ta ci taka. Daren yau ka zaunar da ita ka ce mata wannan magana ta fita daga hannunta, ba za ka kai ɗan'uwanta ko'ina ba, kuma duk abin da ya faru ba zai taɓa zamanku ba. Sannan ka ɗauki waya da kanka ka kira shi: "Yaya, maganar aikin nan tsakanina da kai ce, don Allah kada mu ƙara bi ta wajenta. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar mu duba wurin tare." Ka gayyato dattijo ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa, in da hali daga danginsu, kamar kawunsu, don kada ya ji an yi masa taron dangi.

A zaman nan ku yi lissafi a fili. Alherin intalok shi ne ba ya mutuwa: ana ɗaga shi, a jera a gefe, a gyara ƙasa, a mayar. In bulon da ya sayo mai santimita 8 ne, mafi yawansa zai koma aiki, kuɗinsa bai faɗi ba. Fasa tsohon siminti da kwashe shi ma aiki ne, an yi gumi. Ka lissafa masa waɗannan da bakinka kafin ka ambaci abin da ya ɓaci. A ganina, in ramin ya nuna rashin sani ne ko sakaci, 1,500 ɗin ya zauna a hannunka ya shiga kuɗin gyara, 5,000 ɗin kuma kada ka nemi ko riyal a ciki. Ka ce ka yafe, shi ma ya ce ya yafe cikon, a gaban dattijon. In kuwa ta bayyana ya karɓi kuɗin biskors da na hayar inji bai sayo ba bai ɗauko ba, wannan haƙƙi ne, a ƙayyade adadinsa, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan yadda zai iya. Ko wanne aka yi, a rubuta layi uku kowa ya sa hannu. In wani ya ce rubutu tsakanin surukai rashin yarda ne, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Kada ka manta da ƙannenka. Gidan na gado ne, in kuɗin na haɗaka ne ka gaya musu gaskiya cewa kai ka ba da aiki babu takarda, kuma kai za ka cike giɓin.

Saura wanda zai yi gyaran. Ka nemi mu'assasa 3, kowacce ta zo ta ga wurin da idonta, ta ga ramin da ka haƙa. Wanda ya faɗa maka farashi ta waya bai ga ƙasa ba, ka bar shi. Ka ba su bayani iri ɗaya a rubuce, zurfin haƙa kaza, biskors kaza, bardura, gangara, domin in ba haka ba za ka ga ɗaya ya fi araha ƙwarai ka ɗauka sa'a ka yi, alhali abin da ba ka gani ne ya cire. Ka nemi lambar sijil ɗinsu, wato rajistar kasuwanci, ka duba a shafin Ma'aikatar Kasuwanci, ka tabbata yana aiki kuma na gini ne. Hukumar 'Yan Kwangila ta Saudiyya tana da dandalin Muƙawil inda ake ganin masu rajista, har da samfurin yarjejeniya. Sunan da ke kan sijil shi ne zai kasance a kan takardar ciniki, a kan fatura, wato takardar biyan kuɗi, da kan asusun da za ka tura kuɗi. In aka ce ka tura asusun wani mutum daban, ka tsaya. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100, don kada ya fito maka a ranar ƙarshe.

Hotunan waya kada su ruɗe ka, kowane aiki kyakkyawa ne ranar da aka gama shi. Ka ce su nuna maka gidan da suka yi shekara biyu da suka wuce. Ka je, ka tsuguna a bakin ƙofa ka hango filin daga ƙasa, in akwai kwari za ka gan shi. Ka taka bulon gefe ka ji ko yana motsi. In mai gidan ya fito, tambaya ɗaya ta isa: da ka kira su bayan sun karɓi kuɗi, sun ɗauka?

Takardar ciniki ba sai ta yi tsawo ba, amma ta faɗi faɗin wurin, kaurin kowane hawa, irin bulo, inda ruwa zai fita, ranar farawa da ta gamawa, wanda zai kawo hawiya, babban akwatin ƙarfe na zuba ɓaraguzai, ya kwashe shara, da garantin aƙalla shekara ɗaya a kan lotsawa. Kuɗi kuma ya riƙa bin aiki a baya. Kuskurenka na farko shi ne ka ba da kusan kashi 4 cikin 5 tun ba a san yadda ƙasa za ta yi ba. Arbun, wato kuɗin kafin alƙalami, kada ya wuce rubu'i. Kashi na biyu sai ka ga biskors da idonka an danne shi, ka taka da diddige bai nutse ba, ka auna kaurinsa, tun kafin yashi ya rufe shi. Ranar nan ko hutu za ka ɗauka ka ɗauka, ita ce ranar da ake cin amana ko a riƙe ta. Kashi na uku bayan an jera bulo. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 sai mota ta yi wata guda tana shiga da fita. Mai gaskiya zai yi ɗan ciniki a kan wannan, amma ba zai gudu ba.

Za a iya ba ka shawarar ka koma siminti ko kwalta. Kwalta ka manta da ita, a ƙaramin fili na cikin gida babbar motar danne ta ba ta da wurin juyawa, zafi yana tausasa ta, man mota yana cin ta. Siminti yana da kyau in an yi shi daidai: kaurin santimita 12 zuwa 15, da ragar ƙarfe, da siminti muƙawim mai jure gishiri, a yanka shi duk mita 3 zuwa 4 don ya sami wurin motsi, a rufe da buhun algarara ana jiƙawa kwana 7. Amma tunda bulonka na nan kuma akwai khazzan da bututu a ƙasa da wata rana za a buƙaci buɗewa, ni intalok zan mayar. Abin da zan ƙara shi ne hanya ɗaya ta siminti mai faɗin santimita 120 daga ƙofar falo zuwa inda mota ke tsayawa, a ja mata tsintsiya tun tana ɗanya don kada ta yi santsi, saboda keken Hajiya ya huta da gargada. In akwai tudu a bakin ƙofa, kowane santimita 10 na tsayi yana son santimita 120 na gangara, in ya fi haka tsaye mai turawa zai sha wuya, wanda ke ciki ya tsorata.

Abu biyu a gurguje. Duk abin da ke wajen katangarka na baladiyya ne, wato hukumar gari, kada a zuba maka gangarar siminti a kan rasif, hanyar masu tafiya a ƙafa, ko titi sai ka tambaya ta manhajar Baladi ko ka kira 940. Sannan daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, in aikin ya faɗo a lokacin ka sa wannan cikin lissafin kwanaki. Ni dai so nake a gama kafin Nuwamba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar karɓar aiki kada ka tsaya kallo daga bakin ƙofa. Ka buɗe tiyo a jikin bangon falo ka bar shi minti 15, ka bi ruwan da ido har ya fita waje, ka dawo bayan rabin awa ka duba ko ya kwanta a wani wuri. Sannan ka ɗauko keken, ka ɗora buhun shinkafa a ciki, ka tura shi daga falo zuwa mota ka dawo, sau uku, da hannu ɗaya. In ya tafi bai kafe ba bai karkace ba, sai ka shiga ka ɗauko Hajiya. Ka gaishe min da ita da jiki.